Me ya sa fatar da ke kan ƙari mara illa take yin baƙi da kauri?

Akwai wani ɗan ƙullutu mai tauri da ke fitowa a ƙafa ko hannu, galibi ga mata manya, wanda likitoci ke kira dermatofibrome da Faransanci. Yawanci bai kai santimita 1 ba, wani lokaci kuma yakan biyo bayan cizon ƙwaro ko ɗan rauni. Ba kansa ba ne. Abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne yadda fatar da ke kansa take yin baƙi da kauri.

Fata hawa biyu ce. Ƙarin yana zaune ne a hawan ƙasa, amma canjin launi a hawan sama yake faruwa. Abin da ke haɗa su shi ne sinadaran girma, wato wasu 'yan aike da ƙwayoyin halitta ke fitarwa don su umarci maƙwabtansu su hayayyafa. Stanley Cohen na Amurka ne ya gano ɗaya daga cikinsu, EGF, a ƙullin da ke samar da yawun ɓera. Wannan aiki ya sa ya raba kyautar Nobel ta 1986 da Rita Levi-Montalcini.

Ƙwayoyin ƙarin suna fitar da irin waɗannan sinadarai fiye da kima. Idan saƙon ya isa sama, sai ƙwayoyin fata su yi ta rabuwa, fatar ta yi kauri. Wasu biyu kuma, SCF da HGF, suna zuga ƙwayoyin da ke samar da launi, shi ya sa wurin yake yin duhu. Ke nan fatar saman lafiyarta ƙalau, umarni kawai take bi.

Wannan ne ya sa shafa man bilicin ko ƙona wurin ba ya magance komai, domin tushen yana ƙasa, sai dai a ƙara wa kai tabo. Haka kuma likitoci sukan yanko samfuri mai zurfi idan za su yi gwaji, saboda a madubin likita hawan saman kaɗai yana iya kama da wani nau'in kansar fata.

Wata alama da ake dubawa ita ce, idan aka matse ƙullutun ta gefe biyu, tsakiyarsa takan lotsa ciki. Irin wannan ba dole ba ne a cire shi, sai in yana ciwo ko ƙaiƙayi. Amma idan yana ta girma, ko yana zubar da jini, ko ya dawo bayan an cire, a garzaya asibiti. Akwai wata kansa da ba a cika samu ba, dermatofibrosarcome, wadda ke farawa da irin wannan kama, kuma ta fi yawa ga baƙar fata.