Shayarwa Bayan Aikin Dashen Roba a Mama

'Yan uwa, tambaya ce da mata ke jin nauyin yi a gaban malam: macen da aka yi wa tiyata aka sa mata roba a mama, za ta iya shayar da ɗanta? A nan Meiganga ba a saba jin wannan aiki ba, amma matanmu suna zuwa Yawunde da Duwala da ƙasashen waje neman magani, wasu kuma a can suke aure.

Robar wata 'yar jaka ce mai silikon ko ruwan gishiri a ciki. Likita yakan ajiye ta a bayan tsokar da ke haɗa nono, ko ƙarƙashin naman ƙirji, don haka ba ta cuɗanya da ruwan nono. Mafi yawan matan da aka yi wa aikin suna shayarwa. Inda maganar take shi ne wurin yanka. In ta ƙarƙashin mama aka yanka, hanyoyin nono sukan tsira. In kuwa aka zagaye baƙin da ke kewaye da kan mama, ana iya yanke hanyoyin da jijiyoyin da ke sanar da jiki cewa yaro na tsotso, sai nonon ya ragu. Wadda aka cire wa mama ɗaya saboda kansa aka sa roba a madadinsa, wannan gefen ba zai kawo nono ba, amma ɗayan yakan ishi yaro.

Ta fuskar hukunci, Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta tiyatar gyara abin da cuta ko haɗari ya ɓata, ta hana wadda ake yi don sauya halitta lafiyayya kawai. Amma ko da mace ta yi don ado ne, wannan bai haramta wa jaririnta nononta ba. Haƙƙinsa ne.

To, ya za a gane nonon na isarsa? A sa shi a mama akai-akai, dare da rana. Bayan kwana 5 da haihuwa ya riƙa yin fitsari aƙalla sau 6 a yini, kuma zuwa mako 2 ya mayar da nauyin da aka haife shi da shi. A kai shi awo, kada a tsaya kan "ai yana barci lafiya". Yaro mai yunwa ma yakan galabaita ya yi ta barci.

In nonon ya gaza, don Allah kada a ɗura wa jariri madarar shanu, duk da yalwarta a Adamawa. Ba ta dace da cikinsa ba kafin ya shekara. Madarar gwangwani ta jarirai kuma sai da tafasasshen ruwa. Akwai kuma hanyar da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta buɗe: a samo mai shayarwa, kamar yadda Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Annabi (SAW). A fara gwada jininta a asibiti saboda cututtukan da ke bin nono. Sannan a mazhabar Malikiyya, tsotso ɗaya da ya kai ciki a shekarun shayarwa ya isa ya haramta aure tsakanin yaron da 'ya'yanta. Mahaifin yaro ya rubuta sunan matar da ranar, ya sanar da dangi tun yanzu, tun kafin yaran su girma a zo maganar aure.