BITA A RUBUTUN INSHA'I: YADDA MARUBUCI YAKE GINA KANSA

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibin da ya shigo kwalejin ilimi yakan ɗauka cewa rubutun insha'i aikin zama ɗaya ne: a ba shi batu, ya cika shafi biyu, ya miƙa wa malami. Idan takardar ta dawo masa da jan biro ko'ina, sai ransa ya ɓaci, ya duba makin da aka ba shi, ya ninke ta ya jefa cikin jaka. Wanda ya saba da haka yana iya rubuta insha'i talatin kafin ya kammala karatunsa, amma na ƙarshe ya fito da irin kurakuran na farko. A wannan babi za a bayyana ma'anar bita da matakanta, sannan a nuna yadda ɗalibi zai yi amfani da ita wajen auna ci gabansa.

2.0 Ma'anar Bita

Bita ita ce marubuci ya koma kan abin da ya riga ya rubuta, ya karanta shi kamar wani ne ya rubuta, domin ya ga ko ya isar da saƙon da ya yi niyya. Abin da aka fara zubawa a takarda shi ake kira daftari. Ayyukan da ake yi wa daftari huɗu ne: ragewa, da ƙarawa, da musanyawa, da sake jeri.

A shekarar 1980 wata masaniya a Amurka mai suna Nancy Sommers ta buga sakamakon nazarin da ta yi, inda ta kwatanta ɗaliban jami'a da gogaggun marubuta. Ta gano cewa ɗalibai sun ɗauki bita a matsayin sauya wata kalma da wata, su kuwa gogaggu sukan taɓa ginin rubutun gaba ɗaya, har su gano ainihin abin da suke son faɗa a yayin gyaran. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasinmu.

3.0 Darasi Daga Gona

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Bichi ko Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunchi ko Dawakin Tofa ya riga ya san bita tun kafin ya riƙe alƙalami, sai dai a gona ya san ta. Wannan yanki yana cikin karkarar da ta kewaye birnin Kano, wadda jama'a suka yi yawa a cikinta har gona ta haɗe da gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun cikin shekarun 1960, ya nuna cewa manoman nan ba su da dajin da za su sara su buɗe sabuwar gona, kuma ba su da halin barin tsohuwa ta huta. Duk da haka ƙasar tana ciyar da su shekara da shekaru, domin suna komawa kanta da taki, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda, suna kuma kiwon dabbobin da za su ba su takin baɗi.

Haka kuma, babu manomin da yake shuka ya tafi gida ya jira kaka. Bayan tsiro ya fito zai zaga ya cike gurbin da iri bai fito ba, ya rage inda tsiro ya cunkushe, ya yi noman firi, sannan ya dawo ya yi maimai. Wanda ya ƙi rage geronsa saboda tausayin tsiron da zai cire, shi ne zai girbe siraran zangarniya. Daftari na farko shuka ce kawai. Jimlar da ta yi wa marubuci daɗi amma ba ta taimaki jigo ba, hukuncinta ɗaya da tsiron da ya yi yawa a rami.

4.0 Bita a Tarihin Rubutun Hausa

Gyaran rubutu tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A makarantun tsangaya gardi yakan rubuta satu a allo da ka, sannan ya kai shi wurin darasu, inda alarammomi za su bi shi baƙi da wasali suna fitar da kuskure. Ba a ɗaukar wannan a matsayin tozarci, domin ta wannan hanya ake zama gwani.

A ɓangaren boko kuwa, a shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Waɗannan littattafai sun bi ta hannun mai gyara kafin a buga su. A shekarar 1936 aka ɗauko Imam daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, inda ya yi watanni yana rubuta Magana Jari Ce, East yana duba abin da ya rubuta suna tattaunawa. A shekarar 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wato wanda aka yi wa gyara jiya ya zama mai yi wa wasu. Irin wannan tafiya ce take gaban ɗalibin kwalejin ilimi.

5.0 Matakan Bita

Kafin a fara bita, ya kamata a ajiye daftari ya kwana, domin idon da ya gama rubutu yanzu abin da ke zuciya yake karantawa, ba ya lura da abin da ke takarda. Bayan haka sai a bi waɗannan matakai bi da bi:

(a) Bitar jigo. Marubuci ya gwada faɗin saƙonsa cikin jimla ɗaya. Idan ya kasa, to bai riga ya san abin da yake son faɗa ba, kuma gyaran aya da waƙafi ba zai cece shi ba.

(b) Bitar tsari. A duba ko kowane sakin layi yana ɗauke da magana guda, kuma ko ya share wa na gabansa hanya. Sau da yawa ainihin mabuɗin insha'i yakan ɓuya a sakin layi na uku, sai an ɗauko shi an kawo shi farko.

(c) Bitar jimla da kalma. A karanta rubutun da babbar murya. Inda numfashi ya yanke, jimla ta yi tsawo. A nan ne kuma ake maye gurbin karin harshen gida da Daidaitacciyar Hausa, kamar a mayar da "na faɗa mai" zuwa "na faɗa masa".

(d) Bitar ƙa'idojin rubutu. A duba baƙaƙe masu ƙugiya, domin "baki" daban "baƙi" daban, haka "kafa" da "ƙafa". A duba rabawa da haɗewa: "ya zo" ake rubutawa, da "shi ne", da "ko'ina". A bambance "akan kai taki gona" da "an ɗora taki a kan jaki".

Dalilin wannan jeri a bayyane yake. Wanda ya fara da gyaran ƙugiya a sakin layin da daga baya zai cire, ya yi aikin banza.

6.0 Misali

Mu ƙaddara an ba wani ɗalibi daga ƙasar Ɗambatta batun "Muhimmancin Taki". Ga daftarinsa na farko da kurakuransa:

"Taki abune mai muhimmanci kwarai da gaske a rayuwar dan Adam. Tun zamanin da mutane suke amfani da taki. Manoma suna kai taki gona akan jaki. Taki yanada amfani sosai. Babu shakka idan babu taki babu noma."

Da zai gyara "abu ne" da "ƙwarai" da "ɗan Adam" da "a kan" da "yana da" ya tsaya nan, da rubutun ya tsabtata amma yana nan fanko, domin magana ɗaya ya maimaita sau uku ba tare da hujja ba. Malaminsa sai ya rubuta masa tambaya guda a gefen takarda: me ka gani da idonka? Ga abin da ya fito a daftari na uku:

"Gonar mahaifina ba ta kai kadada ɗaya ba, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne taki. Da zarar an gama girbi sai mu adana harawar wake da ta gyaɗa, mu riƙa ba tumakin da ke ɗaure a turke. Kafin faɗuwar damina sai mu kwashe takinsu, mu haɗa da tokar murhu da sharar gida, mu kai gona a mangala. A shekarar da muka sayar da tumakin saboda jinyar kakata, taki ya yi ƙaranci, geron da muka samu bai kai mu ƙarshen rani ba."

A lura cewa ɗalibin bai koyi sabuwar kalma ko ɗaya ba tsakanin daftarin farko da na uku. Ilimin yana tare da shi tun daga gida, bita ce ta tono shi.

7.0 Auna Ci Gaban Kai

Ana shawartar kowane ɗalibi ya tanadi jaka ko babban littafi da zai riƙa adana daftarorinsa, kowanne da kwanan wata. Wanda yake rubutu da kwamfuta ko waya, ya adana kowane daftari da suna daban, kada sabo ya shafe tsoho. A ƙarshen zangon karatu sai ya baje su, ya rubuta shafi ɗaya yana amsa waɗannan tambayoyi: Wane kuskure ne na fi maimaitawa? Wanne na daina? Wane gyara ne na yi da kaina kafin malami ya nuna mini? Amsar tambaya ta uku ita ce ma'aunin gaskiya, domin tana nuna ranar da ɗalibi ya fara zama malamin kansa.

Yana da kyau kuma ɗalibai su riƙa musayar daftari a tsakaninsu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai karɓar gyara ya tuna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, mai bayarwa kuma ya fara da faɗin abin da ya yi kyau, sannan ya nuna takamaiman wurin da ya kasa fahimta.

8.0 Kammalawa

An ga cewa bita ta ƙunshi jigo da tsari da jimla da ƙa'idojin rubutu, kuma adana daftari shi ne hanyar ganin ci gaba. Lamarin ya wuce neman maki. Ɗalibin yau zai rubuta kundin bincikensa, zai fita gwajin koyarwa, kuma watakila gobe a tura shi makarantar firamare a ƙauyensu, inda yara da yawa ba su da littafin da za su duba sai abin da ya rubuta a allo. Idan ya rubuta "yazo", haka aji guda zai tashi yana rubutawa. Idan kuwa ya saba gyara nasa, zai san yadda zai mayar wa yaro takarda da tambayar da za ta sa shi ya sake ɗaukar alƙalami.

9.0 Aikin Yi

1. Kawo ayyuka huɗu da ake yi wa daftari, tare da misalin kowanne.
2. Me ya sa ake barin bitar ƙa'idojin rubutu ta zo ƙarshe?
3. Ɗauko insha'in da ka rubuta a zangon da ya wuce, ka sake rubuta shi, sannan ka bayyana sauye-sauyen da ka yi da dalilansu cikin sakin layi biyu.