Ba Kowace Ƙiba ce ta Samun Sauƙi Ba

Idan aka dawo da mai taɓin hankali gida daga asibitin Dawanau ko na Barnawa, abin da dangi ke fara dubawa shi ne barcinsa da cin abincinsa. Bayan wata biyu ko uku sai ka ji ana cewa, "Alhamdu lillahi, ya murmure, har ya yi kumatu." A wurinmu rama alamar wahala ce, ƙiba kuma alamar hutu. Amma idan maganin da yake sha olanzapine ne ko clozapine, kumatun nan na iya zama farkon wani ciwon daban.

A 1952 aka fara ba masu taɓin hankali chlorpromazine a birnin Paris, daga baya haloperidol ya biyo. Sun kwantar da ciwon, sai dai sukan bar mutum da karkarwar hannu, sandarewar wuya da tafiya a ƙage. Shi ya sa likitoci suka yi murna da sababbin magunguna: Amurka ta amince da risperidone a 1993, olanzapine a 1996, quetiapine a 1997. Karkarwa ta ragu ƙwarai. Matsalar ta koma ciki, inda ido ba ya gani.

A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke shaida wa mutum cewa ya ƙoshi. Saƙon yana bi ta wasu ƙofofi da sinadaran histamin da serotonin ke buɗewa, olanzapine da clozapine kuma suna toshe su. Sai mutum ya tashi daga kan kwanon tuwo, kafin a ɗauke kwanon ya fara neman burodi da shayi, cikin dare ma yana laluben tukunya. Mutanen gida kan ce haɗama ce ta shige shi, alhali ƙoshin ne ba ya ji. Ƙwayar cyproheptadine da wasu mata ke saya a kemis don neman ƙiba, ta waɗannan ƙofofi take bi. Ga kuma kasala da yawan barci da maganin ke kawowa, abincin da aka ci ba ya ƙonewa.

Ba ƙiba kaɗai ba ce. Magungunan na sa jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, suna kuma rage yawan wanda jiki ke fitarwa, don haka suga kan hau ko da nauyi bai ƙaru sosai ba. Kitsen da ke cikin jini ma yana ƙaruwa. A 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta umarci kamfanoni su rubuta gargaɗin ciwon suga a takardun waɗannan magunguna. Wani babban bincike da aka buga a can a 2005, mai suna CATIE, ya bi marasa lafiya kusan 1,500, ya gano cewa kashi 30 cikin 100 na masu shan olanzapine sun ƙara fiye da kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Ga mai kilo 60, wannan ya haura kilo 4. Risperidone da quetiapine suna tsakiya. Aripiprazole da ziprasidone sun fi sauƙi ta wannan fuska.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tsananin taɓin hankali kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin tsararsu, akasari da ciwon zuciya da ire-irensa. A ganina, nan ne muke sakaci. Ranar ganin likita ana tambayar ko yana barci, ko yana jin muryoyi, ko yana faɗa, amma ɗan rakiya ba ya tuna ya ce wandunansa sun daina shigarsa.

Tun 2004 ƙungiyoyin likitocin suga da na ƙwaƙwalwa a Amurka suka tsara abin da za a yi: a auna nauyi, ƙugu, hawan jini, suga da kitsen jini kafin a fara magani, a sake auna nauyi a mako na 4, na 8 da na 12, a maimaita gwajin jini bayan wata uku, suga kuma duk shekara. Sikeli da tef ɗin tela sun isa rabin aikin. Idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, likita na iya sauya magani, ko ya haɗa da metformin, wanda ke rage ƙibar.

Kada dai wanda ya karanta wannan ya je ya ɓoye wa ɗan'uwansa magani. Yanke shi farat ɗaya yana dawo da ciwon, clozapine kuwa sau da yawa shi kaɗai ke yi wa wanda sauran suka gaza. A rage masa lemon kwalba da sukarin shayi, a riƙa fita tattaki da shi da yamma. In kuwa aka ga yana yawan ƙishirwa da tashi fitsari cikin dare, kada a jira ranar da aka rubuta a kati, a kai shi a gwada masa suga a makon.