Zaɓen na'urar raba intanet ta waje: abin da lambobi ke faɗi

1. Gabatarwa

Na'urar da ke raba intanet ta iska, wadda Faransanci ke kira routeur, za mu kira ta ruta a cikin wannan ɗan rubutu. Wadda ake kafawa a waje, bisa soro ko turken ƙarfe, ita ce ta dame mu. Abin da muke son nunawa shi ne: kalmar « extérieur » da ke bisa kwali maganar talla ce, ba ta ɗaure mai ƙira. Lambobi ne ke ɗaure shi, su ya kamata mai saye ya iya karantawa.

2. Ƙura da ruwa

Ƙa'idar IEC 60529 ta tsara alamar IP, wadda lambobi biyu ke biye da ita. Ta farko, daga 0 zuwa 6, ta shafi ƙura. Ta biyu ta shafi ruwa. Misali, IP54 na nufin ƙura kaɗan za ta iya shiga. IP65 na nufin ba ta shiga sam, kuma na'urar na jure feshin ruwa. IP67 kuwa na jure nitsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. A ƙasar da hazon hunturu ke ɗaukar watanni, lambar farko ta fi muhimmanci. Muna ganin kada ta gaza 6.

3. Zafi

Galibin rutocin cikin ɗaki an ƙera su don aiki tsakanin digiri 0 da 40. To, a Yamai ko Tawa, zafin Afrilu da Mayu yakan wuce 40 a inuwa, balle cikin akwati bisa rufin kwano. Akwai na waje masu kai 70; a duba takardar bayani, a bambanta zafin aiki da zafin ajiya, don na biyun ya kan ruɗi mutane.

4. Wuta da aradu

Yawancin rutocin waje ta wayar sadarwa suke samun wuta, tsawonta kuma kada ya wuce mita 100. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 na ba da wat 15,4, 802.3at ta 2009 na ba da wat 30. Amma wasu na'urori da bolt 24 suke aiki, ba bisa waɗannan ƙa'idodi ba, kuma haɗa su barkatai na iya ƙona su. Da damana kuma, turken da ba a haɗa shi da ƙasa ba yana jawo ɓarnar aradu. Busasshen rairayi ba ya kwashe wuta sosai, saboda haka a kafa sandar ƙasa da zurfi.

5. Kammalawa

Ke nan, ga tsarin tambayoyi: wace lambar IP, wane zafin aiki, wace irin wuta, sa'an nan ko akwai makwafinta a kasuwar kusa. Maganar sauri ta zo daga ƙarshe, tun da na'urar da ta mutu a bazarar farko, an yi asarar kuɗinta kome saurinta.