Jar fitilar baƙin mai ba ta jira a isa gareji

A gaban kowane direba akwai wata 'yar fitila ja mai siffar buta da ɗigo a bakinta, wadda akasarinmu ba mu san aikinta ba sai ranar da ta ci mana kuɗi. Tawa ranar ta zo ne wata safiya da na fito daga Tudun Wada zan tafi Samaru. Ina gab da gadar Kubanni sai ta kama. Na dube ta, na dubi agogo, na ce a raina ai baƙin mai ne ya ɗan yi ƙasa, in na isa ofis na aika a sayo. Kafin in kai Kwangila injin ya soma wata ƙara kamar ana daka a ƙarƙashin motar. Da igiya aka ja ta zuwa gareji, kuma sai da aka sauke injin.

Bakaniken da ya kwance shi ya jera mini ƙarafan a kan buhu, sun yi shuɗi saboda zafi, ya ce: "Malam, ai da ka kashe ta a inda ta nuna maka, da aikin bai wuce na yini guda ba." Ashe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ce dauɗa ta toshe. Man kuwa yana nan a cike.

Wannan shi ne abin da na jahilta, kuma ina kyautata zaton da dama daga cikin masu karanta wannan shafi, duk da digiri da muƙami, sun jahilce shi. Fitilar nan ƙarfin da famfo ke tura mai da shi take aunawa, yawan man da ke cikin kasko ba ruwanta da shi. A cikin inji, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Wani siririn mai ne ke shiga tsakani, kuma turawar famfo ce ke riƙe shi a wurin. Idan allurar inji tana kan 3,000, karanshaf na juyawa sau 50 a daƙiƙa guda. Mai karatu ya ƙiyasta yawan gugar da ƙarfe zai sha a busasshe daga Kubanni zuwa Kwangila.

To, me ya kamata in yi? In ratse gefen hanya da zarar na sami wuri, in kashe inji. Bayan 'yan mintoci, mai ya koma kasko, sai in zaro sandar awo, in goge, in mayar, in sake zarowa, motar tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Idan man ya gaza alamar ƙasa, a ƙara irin wanda littafin motar ya ce, kaɗan-kaɗan, domin a yawancin ƙananan motoci tsakanin alamomin biyu kimanin lita ɗaya ce. A kuma leƙa ƙasa ko yana zuba. Sannan a tayar. In fitilar ta mutu cikin daƙiƙoƙi kuma babu baƙuwar ƙara, a lallaɓa zuwa gareji, don man da ya ragu akwai inda ya bi. In kuwa ta ƙi mutuwa, ko an tarar da man a cike kamar nawa, to kada a ƙara taku ɗaya. A ja motar.

Gaskiya ne wani lokaci 'yar na'urar da ke kunna fitilar ce ke lalacewa, injin lafiyarsa lau. Amma ba a gane haka da ido ko da kunne. Sai an ɗaura agogon awo a gurbinta an ga ƙarfin man. A nan ne nake jin takaicin wata ɗabi'a da ke yawo a wasu garejojinmu, ta cire wayar fitilar ko ƙwanta domin "ta daina damun Alhaji". Wanda zai sayi motar hannu ya lura: idan ya murɗa makulli kafin inji ya tashi, wajibi ne butar nan ta haska. In ba ta haska ba, ya tambayi dalili kafin a yi maganar kuɗi.

Haka nan fitilar da ke ƙyaftawa idan inji ya yi zafi a cunkoson PZ, ta ɓace in an taka mai, ba abin rainawa ba ce. Sau da yawa alama ce ta ƙarafa sun cinye, ko man ya tsinke. Ƙurar hunturu, jinkirin juye, da man kwalba na bakin titi da ba a san asalinsa ba, su ne ke tara dauɗar da ta toshe tawa rariyar. Ni na san sau nawa na ɗage juye ina cewa sai an yi albashi.

Tun faɗuwar darajar Naira a 2023 kayan inji suka yi tashin gwauron zabo. Motar ta yi makonni uku a gareji kafin in haɗa kuɗin, ina hawa A Daidaita Sahu daga Agoro da jakar takardu a cinya.