Kisan Kanar Klobb a Dankori

Duk mai son fahimtar yadda mulkin Nasara ya iso ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, lalle ne ya waiwayi abin da ya auku a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli 1899, domin a can ne aka harbe Laftanar Kanar Klobb, hafsan da hukumar Faransa ta turo ya binciki ta'asar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, ya karɓe ragamar runduna daga hannunsu.

Klobb ya biyo sawunsu daga gaɓar Kwara da sojoji ƙalilan, bai kuwa sha wahalar neman hanya ba, tunda garuruwan da aka ƙone da rijiyoyin da aka cika da gawawwaki sun ishe shi ja-gora, har ya ga abin da aka yi wa Birnin Ƙonni da idonsa, ya rubuta a littafin tafiyarsa, wanda aka buga bayan mutuwarsa. Ko da Voulet ya aiko masa da takardar gargaɗi bai juya ba, da aka buɗe masa wuta kuma ya hana mutanensa ramawa, ya faɗi nan take, aka raunata mataimakinsa Laftanar Meynier. Wannan jarumta ce, kuma shaidar da ya bari tana cikin hujjojin da jikokin waɗanda aka zalunta suke riƙe da su har yau. Wanda ya hana masa wannan yabo bai yi insafi ba.

Sai dai adalci ga mamaci bai wajabta a mayar da shi waliyyi ba. Mutumin nan ya jagoranci yaƙi da Abzinawa a yankin Tambutu kafin wannan tafiya, kuma umarnin da ya ɗauko na gyara mamaya ne, ba na dakatar da ita ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, jinin hafsa guda ya girgiza Faransa fiye da jinin dubban talakawa, mata da ƙananan yara, waɗanda ko sunayensu ba a rubuta ba.

Cikin kwana uku da kisan Klobb, Voulet da Chanoine suka mutu a hannun sojojinsu, kaburburansu na Maijirgi, amma ragowar rundunar ta ci gaba, ta yi nasara a Tirmini, ta shiga Zinder ranar 30 ga Yuli, daga baya aka kashe Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga. Kafin shekarar ta ƙare, wani ayarin Faransa, na Foureau da Lamy, ya keto Damargu daga Agadas ya iske Zinder a hannun Faransawa. A 1902 aka rufe binciken ta'asar Voulet da Chanoine, aka jingina laifin ga haukan da wai zafin Afirka ke jawowa, ƙasar da aka ci da wannan zalunci kuwa ta zauna a hannun Faransa har 1960.