Ranar da insifekta zai zo makaranta: mene ne aikin iyaye?

Insifekta ma'aikacin gwamnati ne mai sa ido a kan makarantun firamare. Yana da mataimaka, wato masu ba malamai shawara, waɗanda ke zagaya ƙauyuka. A ƙasar Arewa, tun da aka raba Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a shekarar 2011, wasu makarantu suna ɓangaren Dutsi, kamar na Matankari, Dankasari da Dogonkirya, wasu kuma suna ɓangaren Tibiri, kamar na Gesheme, Dumega da Kore Mai Ruwa. Wani lokaci ana sanar da zuwan insifekta, wani lokaci sai dai a gan shi kawai.

Me yake zuwa dubawa?

Yana shiga aji ya saurari yadda malami ke koyarwa. Yana duba littafin kiran suna, da littafin da malami ke shirya darasi, da littattafan rubutun yara. Yana ƙirga ɗalibai maza da mata, da kujeru, da littattafai. Abin da ya gani shi yake rubutawa ya aika wa shugabanninsa. Da irin wannan rahoto ne ake sanin inda ake buƙatar ƙarin malami ko sabon aji.

Ina iyaye suka shigo?

Makaranta ta gari ce. Shi ya sa aka kafa kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES. Tun shekarar 2012 sunansa CGDES, amma mutane da yawa suna kiransa da tsohon suna. A cikinsa akwai darakta, da wakilin malamai, da wakilan ƙungiyar iyayen ɗalibai, da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata. Aikinsu na sa kai ne, babu albashi. Kowane uba ko uwa na iya ba da hannu, ko da bai iya karatu sosai ba.

Kafin ranar

1. Ku zauna da darakta ku ji abin da yake buƙata.
2. Ku share fili, ku kawo ruwan sha, ku duba makewayi.
3. Ku fito da takardun kwamiti: tsarin ayyukan shekara, littafin kuɗi da takardun shaidar saye.
4. Ku zaɓi mutum biyu da za su yi magana, namiji da mace.

A ranar

Duba darasi aikin insifekta ne. Kada ku shiga aji sai an kira ku, kuma kada ku raɗa wa yaro amsa. Idan ya gama, ku nemi ya saurare ku.

Babban taimakon da za ku yi shi ne faɗin gaskiya. Wasu garuruwa, don gudun kunya, suna tattaro yaran da suka daɗe da barin makaranta su cika aji. Wasu suna aro tabarmi da benci daga gidaje. Wasu suna yin shiru a kan malamin da ba ya zuwa. Idan insifekta ya tarar da kome daidai, haka zai rubuta, kuma taimakon da ya kamace ku zai tafi wani gari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga abubuwan da ya kamata ku faɗa masa:

1. Ranar da aka fara karatu da gaske. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, amma inda azuzuwan kara ne, sau da yawa sai an gama girbin hatsi an samu kara kafin a kafa su. Makonnin da aka rasa ba su dawowa.
2. Yawan azuzuwan kara da halin da suke ciki. A shekarar 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi, yara da dama suka rasu. Ku nuna masa inda ake hura wuta kusa da makaranta.
3. Ƴan matan da aka cire daga makaranta, da dalili: talla, aikin gida ko aure.
4. Yaran da ba su da takardar haihuwa, domin za a neme ta lokacin jarrabawa.
5. Kwanakin da malami bai zo ba.

A kan maganar malami, ku yi adalci. Ku faɗi kwanaki, kada ku zagi mutum. Idan jinkirin albashi, rashin lafiya ko rashin wurin kwana ne ya hana shi zama, ku faɗi wannan ma. Ku kuma faɗi naku laifin, idan ku ne ke tura yara gona ko kiwo a lokacin karatu.

Bayan ya tafi

Ku kira babban taron gari. Darakta ya bayyana abin da insifekta ya ce. Ku raba ayyuka gida biyu: abin da gari zai iya yi da kansa, da abin da sai hukuma. Ku rubuta su, tare da sunan wanda zai bi kowace magana.

Kai ɗalibin yaƙi da jahilci, ka nemi littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya faru a makaranta. Ke ma haka. Ranar da insifekta ya dawo, wannan littafin ne shaidarku.